Asalin Tara Kwalkwali da Sulken Samurai

Tun wajen shekara 1,000 da suka wuce akwai wasu mayaƙa a ƙasar Japan da ake kira samurai. Barade ne, kuma baka da kibiya ne makaminsu na fari, takobi sai daga baya ya yi suna. Sulkensu aiki ne na haƙuri. Ƙananan fallayen ƙarfe da na fata ake yankawa, a huhhuda su, a shafe su da ƙaron wata bishiya mai suna urushi don kada tsatsa ta ci, sa'an nan a saƙa su da igiyar siliki mai launi. Kwalkwalin, wanda suke kira kabuto, shi ma falle-falle ake haɗa shi da ƙusoshi, a bar 'yar kafa a tsakar ka, a rataya masa abin kāre ƙeya.

Waɗanda suka fara tara wannan kaya masu tsaron ɗakunan bauta ne. In jarumi ya ci yaƙi, yakan kai sulkensa can don godiya. Shi ya sa har yau ɗakin bautar Oyamazumi, a tsibirin Omishima, yake riƙe da tsofaffin sulkuna masu yawa waɗanda ba su da na biyu.

Ana nan sai Turawan Fotugal suka sauka tsibirin Tanegashima da bindiga a 1543. Yaƙi ya sake kama, maƙera suka koma yin sulke da manyan fallaye. Rundunoni suka yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe fage, kowane sarkin yaƙi yana so a gane shi daga nesa. Date Masamune ya kafa jinjirin wata mai ruwan zinariya a goshin kwalkwalinsa, Honda Tadakatsu ya sa ƙahonin barewa. Irin waɗannan ne masu tarawa suke rububi a yanzu.

To, a 1603 gidan Tokugawa ya karɓi mulki, ƙasa ta zauna lafiya wajen shekara 250. Sulke ya koma cikin akwati. Sai sabuwar shekara ta zo a fito da shi, a kakkaɓe, a girke shi a zauren baƙi don a san gidan na jarumai ne, kamar dai yadda lifidi yake jiran hawan salla. Maƙera ba su rasa ciniki ba, sai ma suka ƙara ado. Zuriyar Myochin, waɗanda suka fi kowa suna a sana'ar, har takardar shaida suke rubuta wa tsohon kwalkwali, su ce kakansu wane ne ya ƙera shi, su yanka masa daraja. Masana a yau ba su yarda da dukan takardun nan ba. A farkon zamanin Tokugawa ne, a 1613, Tokugawa Hidetada ya aika wa Sarki James na Ingila kyautar sulke guda 2, suna can har gobe.

Abin da ya fitar da kayan kasuwa kuwa talauci ne. A 1868 mulkin Tokugawa ya faɗi. A 1876 sabuwar gwamnati ta hana samurai yawo da takobi, ta kuma soke albashin gadon da suke ci. Mutumin da bai iya noma ba, bai iya fatauci ba, ga iyali, me zai sayar? Ya ɗauko akwatin kakanni. Ni dai ban ga laifinsa ba, tausayinsa nake ji. Dillalai suka yi ta saye da arha suna kaiwa Yokohama, inda jiragen Turawa suke tsayawa.

Nan masu tarawa na ƙetare suka samu. Frederick Stibbert ya cika ɗakuna a gidansa na birnin Florence a Italiya. Bashford Dean, wani Ba'amurke masanin kifaye, ya je Japan bincike ya dawo da sulkuna, a 1914 ya ba da su ga gidan tarihi na Metropolitan a New York. A cikinsu har da wani na ƙarni na 14 da ake dangantawa da wani sarkin yaƙi mai suna Ashikaga Takauji. Masu tarawan nan sun saya da arha, gaskiya ne, amma sun adana, siliki kuwa ba ya yafe wa wanda ya bar shi a danshi.

A 1950 Japan ta kafa dokar da ta hana fitar da kayan tarihi masu babbar daraja. Don haka yawancin abin da ke yawo a kasuwa yau na zamanin Tokugawa ne, bai taɓa ganin yaƙi ba. Mai saye da ya san hannunsa yakan juya kwalkwali ya duba sunan maƙeri a ciki, ya kuma gwada tambarin gida da launin igiya a kowane sashe, gama dillalai sun daɗe suna ɗauko kwalkwalin wannan gida su ɗora wa sulken wancan.