Mayelin: rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro

Duk wanda ya taɓa gyara wayar fitilar sola ya san robar da ke lulluɓe da ita. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ma suna da irin wannan riga, fara ce, yawancinta kitse, likitoci na ce mata mayelin. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa mata sunan a 1854. Jijiyar da ke da wannan riga tana iya kai saƙo mita 100 a daƙiƙa guda, wadda ba ta da ita kuwa da ƙyar take yin mita ɗaya ko biyu. Ana fara ɗinka rigar tun yaro yana ciki, aikin ya fi sauri a shekara biyu na farko, lokacin da yake koyon zama, rarrafe da tafiya.

To, wa ke ɗinkin? Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙwaƙwalwa, kuma sai sun samu umarni suke kama aiki. Kowace ƙwaya tana da makarɓan saƙo, kamar akwatin rediyonku da aka kama tasha ɗaya, saƙon da ya dace da ita kaɗai take ji. Ɗaya daga manyan saƙonnin yana fitowa daga gaɓar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Gaɓar ba ta iya haɗa saƙon sai da sinadarin aidin. Idan mai ciki ta rasa aidin, masu ɗinkin na nan, amma umarni ya yi rauni. Suna kuma buƙatar sinadarin ƙarfe fiye da sauran ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake samu a hanta, nama, wake da zogale. Shi ya sa tamowa take tayar mana da hankali, ba don ramar jiki kawai ba. A Magaria, ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa tun 2005.

Ƙwaƙwalwa tana da nata ƴan sintiri, ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya. In lafiya lau, su ke share tarkace, suna aika saƙon da ke taimaka wa masu ɗinki. Amma da makarɓansu sun ji ƙwayar cuta, sai su tada yaƙi, su kira sojojin jini. A sanƙarau, kumburin da wannan yaƙi ke haifarwa yakan taɓa jijiyoyin da ake karewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tashi daga sanƙarau na bakteriya yakan zauna da lahani, kamar kurumta ko farfaɗiya. Mun ga abin a gida: daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 an samu mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungass ta fi kowa yawan masu cutar.

Ku ƴan uwa da ke Kano, Legas ko Aljeriya, in kun aiko kuɗin cefane, ku tambaya ko gishirin gida mai aidin ne, don gishirin gargajiya irin su manda da mangul galibi ba a sa musu shi. A ajiye shi a rufe, nesa da rana da murhu. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, a kai shi asibiti ranar, kada a jira gari ya waye.