Ƙoshi da Gina Jiki: Abinci da Tsawon Ɗan Adam Tun Daga Zamanin Dutse

Gabatarwa

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a sha'anin tsawo maganar tana da ƙamshin gaskiya. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa a inda abinci ya wadata, kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsawo tsakanin mutane daga gado yake. Sai dai gado ya kasa bayyana lamarin mazan ƙasar Holan. A tsakiyar ƙarni na 19 tsaka-tsakin tsawonsu kimanin santimita 165 ne, yau kuwa suna dab da 183. Shekara 150 ta yi kaɗan a ce ƙwayoyin gado sun sauya har haka. Matsayin wannan maƙala shi ne: gado ke yanka wa mutum iyakar tsawonsa, abincin ƙuruciya kuma shi ke hukunta ko zai kai iyakar. A cikin abincin ma, nau'insa ya fi yawansa tasiri.

Shaidar Ƙasusuwa

Mutanen da suka rayu kafin rubutu ba su bar mana ma'auni ba, sai ƙasusuwansu. Ƙashin cinya ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon mutum, don haka da shi masana ke ƙiyasta tsawon mamaci. Haƙori kuma yana ajiye tarihin yarinta, domin duk sa'ad da yunwa ko ciwo ya tsayar da girman yaro, yakan bar zane a jikin haƙorin da ke tsirowa.

Abin da ƙasusuwan suka fara rushewa shi ne zaton cewa ɗan Adam ya faro ne gajere yana ta ƙara tsawo. A 1984 Kamoya Kimeu ya gano kwarangwal ɗin wani yaro a yammacin Tafkin Turkana na ƙasar Kenya, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan ɗaya da rabi da suka wuce. Bai gama girma ba ya mutu, amma ya kai kusan santimita 160. Mafarautan da suka zauna a Turai kimanin shekaru dubu 30 da suka shige, masu cin naman dawakan daji da sauran manyan dabbobi, mazansu sukan kai santimita 175 ko fiye.

Noma ya fara kafuwa a Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru dubu 11 da suka wuce, da alkama da sha'ir. Alƙaluman da Jared Diamond ya yayata a 1987 sun nuna cewa a yankin Girka da Turkiyya mazan ƙarshen zamanin ƙanƙara sun kai kimanin santimita 175, mata 165. Zuwa shekara ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maza sun dawo kusan 160, mata 152. Rumbu ya cika, jama'a ta yawaita, amma jiki ya tsuke.

Dalilin a fili yake ga wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar hatsi. Hatsi na ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsa ragagge ne, kuma yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji tsotsar ƙarfe da zink, waɗanda jini da ƙashi ke buƙata. Mafarauci yakan ci nama da kifi da saiwoyi da 'ya'yan itatuwa iri-iri, manomi kuwa ya dogara ga tsiro biyu ko uku, ya kuma yaye ɗansa da kunu. Ga zama wuri guda tare da dabbobi, wanda ya kawo gudawa da tsutsar ciki, masu sace abin da yaro ya ci kafin jiki ya amfana. A Dickson Mounds da ke jihar Ilinoi ta Amurka, ƙasusuwan mutanen da suka koma dogaro ga masara sun nuna ƙaruwar zanen haƙori da alamun ƙarancin jini idan aka gwada da na magabatansu.

Ja-in-jar Ƙaura da Gado

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan hujja. Manoman farko na Turai ba jikokin mafarautan can ba ne. Baƙi ne da suka shigo daga Anatoliya kimanin shekaru 8,500 da suka wuce, da nasu gadon. Mai yiwuwa ke nan ana gwada tsawon al'ummu biyu daban, ana ɗora wa abinci laifi.

Maƙabartar Gobero da ke hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar ta nuna girman wannan matsala. Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya ci karo da ita a shekarar 2000, kuma an samu kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Mutanen farko, da ake kira Kifiyawa, ƙarfafa ne dogaye, wasu na dab da mita biyu, suna cin giwan ruwa da naman daji. Bayan farin da ya kore su na kusan shekara dubu, sai wasu suka zo, gajeru sirara. Abinci ya bambanta, amma mutanen ma da alama sun bambanta, don haka ƙashi kaɗai ba zai raba gardamar ba.

Nazarin ƙwayoyin gado na tsofaffin ƙasusuwa ya rage duhun. A 2022 Stephanie Marciniak da abokan aikinta sun ɗauki mutum 167 na tsohuwar Turai, suka gwada tsawon da gadon kowa ya yi hasashe da tsawon da ƙashinsa ya nuna. Manoman farko sun gaza abin da ake tsammani da kusan santimita 4 idan aka kwatanta da mafarautan da suka gabace su, kodayake giɓin ya ragu da aka sa asalin kowace al'umma a lissafi. Ƙaura ta ɗauki wani kaso na bayanin, ta bar saura ga abinci da cuta.

Shaidar Zamanin Kusa

Inda aka sami rubutaccen ma'auni, hujjar ta fi fitowa. Richard Steckel ya nuna cewa mazan arewacin Turai sun kai kimanin santimita 173 a ƙarni na 9 zuwa na 11, suka sauko zuwa kusan 167 a ƙarni na 17 da na 18, lokacin cunkoso da tsadar abinci. Binciken da ya shafi ƙasashen duniya a 2016 ya gano cewa matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kimanin santimita 20 cikin shekara ɗari. Barry Bogin ya auna 'ya'yan ƙabilar Maya da suka tashi a Amurka, ya tarar sun fi takwarorinsu na Guwatemala da sama da santimita 10, alhali jini ɗaya ne. A Guwatemalar kuma, tsakanin 1969 da 1977, an ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai madara da furotin, wasu kuma aka ba su abin sha mai zaƙi marar furotin. Masu shan kunun tun suna ƙanana sun fi tsawo.

Kammalawa

Daga Turkana zuwa Holan, tsawon ɗan Adam ya yi ta hawa da sauka. Gado na da hannu a ciki, shi ya sa Dinkawan Sudan ta Kudu suka yi fice a tsawo. Amma idan al'umma guda ta ragu ko ta ƙaru cikin 'yan tsararraki, akushin yaranta ya kamata a duba, musamman a kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne, yankin da ke noma wake da gyaɗa, yake kiwon shanu da kaji. Yaron da aka yaye da koko zalla zai ƙoshi kamar yadda ɗan manomin farko ya ƙoshi, kuma zai tsumbure kamar yadda ya tsumbure. A sa masa wake da gyaɗa da ƙwai da nono, a tsabtace ruwan shansa, tun kafin ya cika shekara biyu.