Daga Turkuɗin Kura Zuwa Dilar Gwanjo: Tarihin Suturar Sanyi ta Iyayenmu Mata a Tamanraset

 Da shugabanni suka ce kowane ofishi ya kawo gudummawarsa a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, sai na zaɓi in yi magana a kan tufafin sanyi na iyayenmu mata, tun daga zamanin ayari har zuwa yau. Dalilina shi ne abin da nake gani daga teburin rajista duk shekara. Da zarar kaka ta yi, Oktoba ta kama, za ka ga dattijuwa ta sauko daga motar In Gezzam da zane ɗaya da gyale shara-shara, domin a Maraɗi ko Tawa da ta baro har yanzu gumi ake yi. Ba ta san garin nan yana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,400 ba, kuma daren Disamba da Janairu yakan kusa daskarar da ruwa. Kafin sati biyu tari ya kama ta, jarin da ta zo da shi ya tafi a kantin magani.

Tun asali tufa ce ta haɗa ƙasar Hausa da duwatsun Ahaggar. Mutanen Kel Ahaggar sukan sari gishiri a Amadror, su ɗora wa raƙuma, su gangara Damargu su musanya da gero. A kan hanyar dawowa ba a rasa baƙin yadi mai sheƙi a cikin kayansu, wanda suke kira alasho, mu kuma muke kira turkuɗi ko ɗan Kura. A Kura da ƙauyukan kudu da Kano ake saƙa shi da siraran ƙwarya, a ɗinke su, a rina a karofi da baba sau da dama, sannan a kai mabuga a buge shi da shuni har ya riƙa ɗaukar ido. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 300 a shekara.

Sai dai turkuɗi kayan ado ne, na biki da na masu hali. Abin da talakar mace ke fuskantar hunturu da shi a ƙasar Hausa shi ne saƙi da gwado. Ita da kanta take gurzar auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari, ta kai wa masaƙi. Gwado mai kauri zane ne da rana, mayafi da asuba, abin rufa da dare. Kakata ta wajen uwa ta rasu ta bar gwado ɗaya a adudunta, wanda mahaifiyata ta ce da shi aka goye su duka, kuma har yau bai yage ba. A lissafin mutanen da, tufa mai araha ita ce wadda za ta shekara goma a jiki, ko da ranar saye ta ci kuɗi.

Tamanraset kanta a lokacin ba gari ba ce. Sa'ad da Charles de Foucauld ya zauna a nan a 1905, 'yan bukkokin manoma ne a bakin kwari. Bayan 'yan shekaru, a 1911, layin dogo ya iso Kano, yadin Ingila ya riƙa shigowa ta teku da arha, manyan ayarin Tarabulus suka mutu. Amma cinikin ɗan Kura bai mutu ba, saboda babu masaƙar Turai da ta iya yin abin da zai gamsar da Buzu a rawaninsa. A wannan zamani ne atamfa ta fara shiga lefe, musamman 'yar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda yake garin Helmond tun 1846. Atamfa ta fi saƙi sauƙin wanki da yawan ado, amma ba ta kai shi ɗumi ba. Daga nan ne mata suka fara ninka zane biyu idan ɗari ya sauka.

Zuwan iyayenmu garin nan da yawa ya biyo bayan abubuwa uku. Na farko fari na 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, waɗanda suka kori jama'a daga karkarar Nijar da Mali. Na biyu, Tamanraset ta zama babban birnin wilaya a 1974, aikin gini ya buɗe. Na uku, kwaltar da ta taso daga arewa ta iso garin a 1978. A shekarun nan ne kuma kasuwar baje koli ta Assihar ta kafu, inda 'yan kasuwar Aljeriya da Nijar da Mali ke haɗuwa. Maza suka zo leburanci da dako, mata suka biyo da tukunyar abinci da ƙullin lalle da turare da 'yan turamen atamfa, suka zauna a unguwanni irin su Gat el Wad da Tahaggart.

Dattawan ƙungiya suna kiran wancan lokaci zamanin atamfar Kaduna. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960, Kano ma ta cika da masaƙu. Atamfarsu auduga ce zalla, tana da nauyi a hannu, kuɗinta kuma bai kai na Holan ba. Daga Kantin Kwari take fitowa, ta bi Maraɗi ko Damagaram, ta hau Agadas da Arlit da Assamaka, ta ƙetaro. A nan kuma matanmu suka koyi abu biyu daga maƙwabta. Sun ga yadda matan Buzaye ke naɗe jiki duka da dogon mayafi guda, irin wanda muke kira lafaya, sun kuma san bargon Aljeriya. Dokar cinikin musaya ta kan iyaka, ta 1994 da wadda ta maye gurbinta a 2020, ta tabbatar da wannan tsari: dabino da gishiri da bargo suna gangarawa kudu, dabbobi da lalle da yadin rawani suna hawowa arewa. Dattijuwar wancan zamani da atamfar Kaduna biyu, lafaya mai kauri ɗaya da bargo ɗaya, ta gama shirin hunturu.

Abin da ya rushe wannan lissafi ya zo a jere. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi, Holan ta fi ƙarfin yawancin mata. Masaƙun Najeriya kuma rashin wuta da tsadar man injin da kayan fasa-ƙwauri suka durƙusar da su: Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a ƙarshen 2001, a 2005 kuma aka cire ƙayyadadden kason da ake sa wa cinikin tufafi a duniya. Kasuwa ta cika da atamfa mai kyan zane da sauƙin kuɗi. A cikinta akwai ta auduga mai kyau, akwai kuma wadda roba ta yi wa yawa. Mu faɗi gaskiya, mu 'yan kasuwa ne muka fi ɗauko ta biyun, saboda ita ce ke fita da wuri, ba ta zama kwantai.

Gurbin gwado kuwa gwanjo ne ya cike shi, wanda a Nijar muke ce wa bosho. Dila takan sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, ta hawo arewa. A cikinta ake samun suwaita ta ulu da kwat da safa, a kuɗin da mai sayar da ƙosai za ta iya biya. Kowa ya ga yadda wannan hanya take da rauni: rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, rufewar korona, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kowannensu sai da ya taɓa farashin dila da na turmi. Wanda ya fara jin zafin kuwa ita ce tsohuwar da ba ta da mai saya mata.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Yawancin iyayenmu a nan sana'arsu a bakin wuta take, da dare kuma kaskon gawayi ake sawa a ɗaki. Auduga idan wuta ta taɓa ta, ci take yi ta zama toka. Yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Na taɓa rubuta takardar neman taimako ta wata baiwar Allah mai tuwo-tuwo wadda gefen gyalenta ya faɗa murhu, ta yi watanni tana jinyar hannu. Gwajin kuwa ba shi da wuya. A zare zare ɗaya daga bakin yadi a kusantar da ashana: in ya yi ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce, in ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri, roba ce.

Idan muka ɗauki darasin kakanninmu, abin da dattijuwa ke buƙata daga Oktoba zuwa Fabrairu bai da yawa. Zanen auduga mai nauyi guda biyu, riga mai dogon hannu ta sawa a ciki, suwaita ɗaya mai maɓalli a gaba don ta yi sauƙin cirewa wajen alwala, safa ƙafa biyu, mayafi ko lafaya mai kauri da zai rufe kunne da ƙirji, sai bargo. A sayi bargo a nan inda ya fi araha, atamfa kuma a taho da ita daga gida. A sayi kayan gwanjo tun farkon kaka, kafin sanyi ya sa masu dila su ɗaga kuɗi, a wanke a shanya a rana kafin a sa.

Roƙona ga taron bana guda uku ne. Masu turmi a cikinmu su riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin yadi, ko da za ta zaɓi mai arha. Masu dila su riƙa ware suwaita da safa kaɗan daga kowace buɗewa, a tara a ofishi domin tsofaffin da ke isowa ba shiri. Direbobi da 'yan kamasho kuma su riƙa faɗa wa fasinja mata tun a tashar Agadas da Arlit irin sanyin da ke gabansu. Littafin rajista yana hannuna, duk wanda ya shirya bayarwa ya same ni a ofis bayan la'asar.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe wannan hanya, ya ƙara wa iyayenmu mata lafiya, ya sa mu ga bikin baɗi cikin rufin asiri. Amin.