Tsofaffin Gidajen Festac Da Na Jakande: Tarihinsu Da Abin Da Mai Saye Zai Duba

A 'yan shekarun nan mutanenmu da dama, musamman masu sana'a a Apapa, Mile 2 da Alaba, sun gaji da haya sun fara neman gidan kansu a nan Legas. Dillalai kuwa wuri biyu suka fi kai mutum: Festac da rukunin gidajen Jakande. Dalilin a fili yake, akwai titi, akwai tsari, kuma kuɗin bai kai na sabon gini ba. Sai dai gidajen nan sun haura shekara arba'in, wasu sun doshi hamsin, kuma yawancin ciwon da ke jikinsu ya samo asali ne daga yadda aka gina su da inda aka gina su.

Gwamnati ta daɗe tana gina unguwanni a bayan garin Legas. Bayan annobar da ta ɓarke a tsibirin Ikko a 1924, Turawa suka kafa hukumar tsara gari ta LEDB a 1928. Ita ce daga 1955 ta riƙa rushe tsakiyar tsibirin tana kwashe mutane zuwa Surulere, wadda a lokacin ake ganin kamar ƙauye ce. Amma babban gini sai da kuɗin fetur ya zo. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ita kuma aka ɗora wa gina masaukin baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu. An yi na farko a Dakar a 1966. Namu an yi ta ɗage shi, har aka yi juyin mulkin 1975, aka kashe Janar Murtala a 1976, sai a hannun Janar Obasanjo aka yi shi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977. Mahalarta kimanin 16,000 suka zo daga ƙasashe 56. Dattawanmu sun fi tuna ɓangaren da aka yi a Kaduna, wato gagarumin hawan daba da sarakunan Arewa suka fito da dawakansu.

Gida kusan 5,000 aka kammala kafin bikin, a gefen hanyar Badagry, aka ƙara wasu bayansa, sannan aka raba wa 'yan ƙasa ta hanyar ƙuri'a. Wanda ya shiga Festac a lokacin ya shiga wuri na gani na faɗa: ruwan famfo, fitilun titi, da bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe bahaya daga gidaje zuwa matattara guda. Amma filin fadama ne aka cike da yashi, ruwa na nan kusa da saman ƙasa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe a ransa.

Daga 1979 zuwa 1983 Gwamna Lateef Jakande ya bi da nasa, gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin, Oke-Afa ta Isolo, Abesan, Iponri, Iba, Adeniji Adele da sauransu, galibi benaye masu gida shida-shida. Ya yi wa talaka aiki, babu mai musun wannan. Illa dai an yi su da sauri, da kuɗi kaɗan, kuma bayan an sayar babu wanda ya ɗauki nauyin gyaran abin da ya haɗa kowa. Na sama ya ce fandisho ba nasa ba ne, na ƙasa ya ce rufi ba nasa ba ne. A 2012 wani bene ya rufta a rukunin Oke-Afa, aka yi asarar rayuka.

To me shekarun nan suka yi wa gidajen? Babban abokin gaba shi ne tsatsar rodi. Iskar Legas akwai gishiri, ga danshi shekara duk. Idan ruwa ya ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin yana tsatsa, tsatsar kuma tana kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sai ta tura kankaren ya ɓantare. Shi ya sa za ka ɗaga kai a banɗaki ko ƙarƙashin baranda ka ga siminti ya zube, jan ƙarfe a waje. Masu sayarwa sun san wannan sarai. Abin da suke yi shi ne su liƙe wurin da filasta, ko su rufe da sabon silin, su buga fenti. Gidan da ya shekara arba'in amma ɗaki ɗaya ne kawai ke ƙyalli da sabon fenti, wannan ɗakin za a fara tambaya a kansa. A ƙwanƙwasa da guduma, inda ya yi amon wofi kamar ganga, cikinsa ya rabu.

Sai tsagewar bango, wadda iri-iri ce. Siririya kamar gashi a kan filasta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, tana nuna wani gefen ginin ya zauna fiye da wani. Idan ƙofofi suna cijewa, ko aka zuba ruwa a daɓe ya gangara gefe guda, zancen ya ƙara ƙarfi. A wurin da aka cike fadama wannan ba baƙon abu ba ne.

Danshi kuwa daga ƙasa yake hawa. Za ka ga gindin bango ya yi duhu har zuwa gwiwa, fenti yana kumbura, farin gari kamar kanwa yana fita. Abin da ya ƙara ta'azzara shi a Festac shi ne magudanan da suka toshe, da gine-ginen da mutane suka ɗora a kan hanyoyin ruwa da na bahaya. Tsarin nan na matattara guda ya daɗe da lalacewa a sassa da yawa, kowa ya haƙa nasa sokawe, ga rijiyar burtsatse a kusa da shi. A wasu layukan an yi ta ɗaga titi har ya fi daɓen gida tudu, ruwan sama ya zama ba shi da wurin zuwa sai falo. Wanda ya ga ruwan 10 ga Yuli 2011 ya san abin da muke nufi. Mu dai ra'ayinmu, gidan Legas a watan Yuni ko Yuli ake duba shi, washegarin ruwa mai ƙarfi. Wanda ya duba a Janairu rabin gida ya gani.

Sauran a taƙaice: bututun ƙarfe na da yana tsatsa daga ciki har ruwa ya daina wucewa, wayarin da aka yi don fitila da fanka da rediyo yanzu an ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki uku da firij biyu, gara tana cin katakon rufi ta bar ɓawo, rufin asbestos, wanda ya yi tashe a wancan zamani, ƙurarsa tana illa ga huhu idan aka fasa ko aka yanka shi. Sannan a lura da abin da masu gidan suka ƙara da hannunsu. Wani ya cire bango don ya faɗaɗa falo, wani ya ɗora tankuna a kan dakin, wani ya ƙara hawa guda a kan fandishon da ba a yi shi don haka ba.

Akwai abin da yake cutar mutanenmu musamman. A gida mun saba da dillali, shaidu da mai unguwa, mun kuma saba da ƙa'idar fiƙihu cewa wanda ya ɓoye aibin kaya ana iya mayar masa da abinsa. Dokar cinikin gida da Legas ta gada daga Ingila ba haka take ba. A wurinta duba lafiyar gini nauyin mai saye ne, in dai mai sayarwa bai yi maka ƙarya ko yaudara da za ka iya tabbatarwa a kotu ba. A Amurka wannan ce ta sa duba gida kafin saye ya zama sana'a mai zaman kanta, har masu yinta suka kafa ƙungiyarsu a 1976, lokacin da ake ƙarasa ginin Festac. Mu nan har yau yawancinmu birkila muke ɗauka, ko ɗan uwan da ya taɓa gini a gida. Birkila ya san bulo, amma ƙarfin ginshiƙi aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970. Jihar Legas kuma tana da ɗakin gwajin kayan gini da ke auna ƙarfin kankare ba tare da an fasa shi ba.

Dokar tsara gari ta 2010 ta samar da LASBCA, hukumar da ke sa wa benaye masu haɗari alama. Benen Ita-Faaji da ya rufta da 'yan makaranta ranar 13 ga Maris 2019, inda mutum 20 suka rasu, an riga an sa masa alamar rushewa. Jan fenti a bango ana iya shafe shi da fari, don haka a tambayi maƙwabta, a kuma je ofishin hukumar da adireshin gidan.

Takardu ma haka. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, sauya hannun gida mai takardar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna, amma Festac filin tarayya ne, fayil ɗinsa yana hannun FHA. A ƙarshen 2023 hukumar ta rushe gidaje a sashe na biyu na Festac, wajen Abule-Ado, bisa cewa an gina su ba da izininta ba. Kafin a ba da ko kafin alƙalami, lauya ya je ya ga sunan da ke cikin fayil, ya kuma gwada taswirar da aka amince da ita da ginin da ke tsaye a filin.