Ma'aikatan Masaƙun Kakuri Da Cinikin Baki Ɗaya

Duk lokacin da na ratsa unguwar Kakuri a Kaduna na ga dogayen ginegine a rufe, sai in tuna cewa a nan ne aka yi wani gwaji wanda ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya ya duba. Gwajin kuwa shi ne, ma'aikatan sana'a guda su haɗa baki su yi cinikin albashinsu gaba ɗaya, maimakon kowace masaƙa ta yi nata.

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Daga baya Arewa Textiles da UNTL suka biyo. A wancan zamani kowace masaƙa da 'yar ƙungiyarta, wato in ma'aikatan nan sun ce a ƙara musu, sai manaja ya nuna musu maƙwabta ya ce ai waɗancan ma haka suke karɓa. In sun yi yaji, a kori shugabanninsu a ɗebi sababbin leburori a bakin ƙofa. Ko da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji a 1975, sai da ma'aikatan kamfanoni suka yi ta fafutuka, kowa a gidansa, kafin su sami nasu.

To, abin mamaki, ba ma'aikata ne suka rushe wannan tsari ba, soja ne. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta wa wasu tsofaffin 'yan ƙwadago riƙe muƙami, har da Michael Imoudu wanda ya ja yajin aikin 1945. A 1978 kuma ta narke ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mai da su 42, kowace sana'a da tata, ƙarƙashin NLC wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. A ganina niyyar gwamnati ita ce ta sami linzamin da za ta riƙe ma'aikata da shi. Amma fa dokar ta ce a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, sai ga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli, mai hedkwata a Kaduna, ta sami asusu da ofis da jami'an da ba su cin albashin kowane manaja. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan al'amarin, domin kuwa wanda ba kai ke ciyar da shi ba, ba ka iya yi masa barazanar kora.

Daga nan aka shiga zama teburi guda da ƙungiyar masu masaƙu. Abin da aka sa wa hannu na alawus da hutu da kuɗin sallama, ya hau kan masaƙar Kaduna da ta Kano da ta Ikko baki ɗaya, sa'an nan reshe ya tsare a ga an cika. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, a wannan fage ya goge, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, ya kuma shugabanci NLC a 1999.

Sai dai yarjejeniya ba ta hana atamfar fasa-ƙwauri shigowa, ba ta kuma kawo wutar lantarki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, aka bar ma'aikatan KTL shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamar da aka rubuta musu a takarda.