Tarihin Shefarbil, garin tama a arewacin Kanada

 A wannan fitowa mun ɗauko labarin wani gari mai nisa, saboda da yawa cikinmu sun san zaman garin da kamfani ya gina.

Sunan garin Shefarbil, Nasara suna rubuta shi Schefferville. Yana can arewacin lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda ake Faransanci kamar a lakwal ɗinmu, dab da iyakar Labrador. Ƙasa ce ta duwatsu da tafkuna da gajerun itatuwa, ba a noma a cikinta. A watan Janairu sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙanƙara kuma tana rufe ƙasa fiye da rabin shekara. Har yau babu hanyar mota da ta kai can, sai jirgin ƙasa ko na sama.

Tun kafin Nasara akwai masu ƙasa, ƙabilun Innu da Naskapi, mafarauta masu bin garken wata babbar dabba mai ƙaho da ake kira karibu. Wani limamin Katolika, Louis Babel, ya ga alamar tama wajen shekarun 1860, sannan masanin duwatsu Albert Low ya tabbatar da ita a shekarun 1890. Amma tamar da ba ta da hanyar fita dutse ce kawai. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da masana'antun ƙarfe na Amurka suka ƙara bukata, aka kafa kamfanin Iron Ore na Kanada. Daga 1950 zuwa 1954 aka shimfiɗa layin dogo na kilomita sama da 570 daga Sept-Îles, wato Tsibiri Bakwai, a bakin teku. A 1954 tama ta fara sauka. An sa wa garin sunan wani bishop, Lionel Scheffer.

Gari ya cika. Ma'aikata sun zo daga kudu da ƙasashen waje, an gina gidaje da lakwal da asibiti, jama'a ta kai wajen 5,000. A nan ma shugaban gwamnatin Kebek, Maurice Duplessis, ya rasu a watan Satumba na 1959, yana cikin ziyara. Su kuwa Naskapi, a 1956 suka baro Fort Chimo, tafiyar ɗaruruwan kilomita da ƙafa da kwale-kwale, suka iso da yunwa da ciwo. Aka zaunar da su a gefen gari cikin bukkoki, ba ruwa ba lantarki, alhali daga ƙasar kakanninsu arzikin ke fita. A ganinmu wannan ne babban tabon tarihin garin.

A 1982 kamfani ya ce ya rufe. Kasuwar ƙarfe ta faɗi, ga tamar Barazil da Ostareliya mai araha. Shugaban kamfanin a lokacin, Brian Mulroney, shi ne ya zama firaministan Kanada a 1984. Cikin ƴan shekaru gari ya watse, aka rushe gidaje da yawa, har gwamnatin Kebek ta yi dokar soke garin a 1986, kafin a janye a 1990. Ƴan uwanmu da suka yi aiki a Akokan, suka ga rufe Kominak a watan Maris na 2021, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

To su wa suka zauna? Waɗanda aka ajiye a gefe. Naskapi sun sa hannu kan yarjejeniya da gwamnati a 1978, suka gina ƙauyensu Kawawachikamach a farkon shekarun 1980, kimanin kilomita 15 daga garin. Innu suna Matimekush. Yau mazauna Shefarbil kanta ba su kai 300 ba, masu ƙasa sun fi su yawa nesa ba kusa ba. An sake komawa haƙar tama daga 2011, amma yawancin ma'aikatan jirgin sama ke kawo su, su yi kwanakinsu a sansani su koma gida, ba su kawo iyali.

A ƙarshen 2005 Innu da Naskapi suka karɓi sashen arewa na layin dogon, kilomita sama da 200, suka sa masa suna Tshiuetin, ma'ana iskar arewa. Shi ne layin dogo na farko a Kanada da ya zama mallakin ƙabilun asali. Shi ke kawo abinci da mai da fasinja daga bakin teku, tafiyar wuni guda cur.