Daga Makari Zuwa Magani: Taƙaitaccen Tarihin Binciken Dafin Kunama

Gabatarwa

Wannan takarda za ta bi sawun yadda ra'ayin masana ya sauya game da dafin kunama daga 1909 zuwa 2020. Abin da ake son nunawa shi ne, amfanin wannan dafi bai fara bayyana ba sai da aka daina ɗaukarsa a matsayin abu guda, aka rarrabe sinadaran da suka haɗu suka yi shi.

Zamanin Neman Makari

Da farko dai, babu abin da ya dami likitoci illa ceton wanda kunama ta harba, musamman ma yara ƙanana. A 1909 ne Charles Todd, wanda ke aiki a Alƙahira, ya bayyana makarin da ya samo ta hanyar yi wa dawaki allurar dafin kaɗan-kaɗan har jininsu ya saba da shi, sannan a tace ruwan jinin. Cikin shekarun 1930 kuma Etienne Sergent ya ci gaba da irin wannan aiki a Cibiyar Pasteur ta Aljeriya. A duk tsawon wannan lokaci, dafi abokin gaba ne kurum.

Zamanin Rarrabewa

Cikin shekarun 1960, Miranda da Rochat a birnin Marseille na Faransa suka shiga tace dafin kunamun Afirka ta Arewa, inda suka ware ƙananan furotin dabam-dabam daga cikinsa. Sannu a hankali aka gane cewa kowanne yana da mashigar da yake kamawa a jikin ƙwayar halitta, wato 'yan ƙofofin da gishirin jiki ke bi ya shiga ko ya fita, waɗanda da su ne jijiya ke isar da saƙo. A 1985 Christopher Miller da abokan aikinsa suka bayyana karibdotoksin, wanda ke toshe wata mashigar fotasiyam. Nan take dafi ya zama kayan aikin bincike.

Kulorotoksin da Ciwon Daji

A 1993 DeBin da Maggio da Strichartz suka tace wani sinadari daga kunamar Leiurus quinquestriatus, wadda ake samu a hamadar Masar da kewayenta, aka kira shi kulorotoksin. Gajeren furotin ne mai tubala 36. A 1998 masu bincike ƙarƙashin Harald Sontheimer a Jami'ar Alabama ta Amurka suka nuna cewa yana manne wa ƙwayoyin dajin ƙwaƙwalwa, ya ƙyale lafiyayyu.

Wannan hali nasa ya buɗe hanyoyi uku. Ta farko, an haɗa kwafinsa na ɗakin gwaji da aidin mai tururin nukiliya, aka sa wa majinyata 18 bayan tiyata. Rahoton 2006 ya nuna jikinsu ya ɗauka ba tare da babbar illa ba, amma gwajin na auna haɗari ne, ba na tabbatar da waraka ba. Ta biyu, a 2007 James Olson da jama'arsa a Seattle suka liƙa masa rini mai ƙyalli, domin likitan fiɗa ya ga iyakar ƙari ya yanke, ba tare da ya taɓa lafiyayyen nama ba. Ta uku, a 2020 cibiyar City of Hope ta ɗora shi a kan ƙwayoyin garkuwar jiki don ya yi musu jagora zuwa ga ƙarin.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, a duk hanyoyin nan uku kulorotoksin ɗan jagora ne, ba shi ne mai kisan cutar ba, kuma a ɗakin gwaji ake ƙera shi, ba tatsar kunama ake yi a ɗura wa majinyaci ba. Saboda haka, maganin da ake sayarwa daga Kyuba da sunan Vidatox, wanda tsarmin dafi ne da aka tsinka da ruwa, ba shi da wannan tarihi a bayansa. Wajibi ne malamai su bambance wa ɗalibai tsakanin abin da gwaji ya tabbatar da abin da talla ta faɗa, domin majinyacin da ya bar asibiti ya bi ɗanyen dafi, ransa ya sa a caca.